Baturen da Ya Ƙi Fita Rakiya

Ko me zan manta a zamana na Alƙahira, ban da wata la'asar da muka zauna kallon fim ni da mahaifiyata.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, Inna kuma irin matan da ce masu riƙon kunya. Ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce min, in kuma zancena za ta yi da wani sai ta ce "waccan". Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci min rai ba. Ranar da zan taho karatu gida ya fashe zuwa rakiya, har da maƙwabta, ita ko zaure ba ta leƙo ba. Da wannan baƙin cikin na hau jirgi, na kuma daɗe ina dakonsa.

A 2013 likitoci suka ce sai an yi mata aikin zuciya, aka nemo mata wani asibiti a unguwar Mohandessin, nan Alƙahira. Kafin ranar aikin ta sauka a ɗan ɗakin da nake haya a unguwar Hadayek el-Maadi. Mu biyu rak, ga wuri a matse, ga hira babu. Tsoro ɗaya ne ke cina, kada a shiga da ita rai ya yi halinsa, ban taɓa sanin ko ina da gurbi a zuciyarta ba.

To ni ina da wata jaraba, finafinan soyayyar Ingila da ake ɗaukowa daga tsofaffin littattafansu. Mata da riguna har ƙasa, maza da dogayen huluna, a yi ta shan shayi ana satar kallon juna, maganar da za a gama a zama ɗaya sai a shekara ana zagaye. Ɗalibar Shari'a guda, amma in tasha ta sako irin wannan, to karatu sai ya jira. Da shirun ɗakin ya ishe ni sai na kunna talabijin, inda ake nuna wani irinsa kashi-kashi kullum, ina jiran faɗa. Inna ta ɗan kalla, ta ce ashe Turawa ma sun taɓa sanin sutura. Ta gyara zama, ta ce in riƙa gaya mata abin da suke cewa.

Haka na zama tafinta. Ina karanta Larabcin da ke gudu a ƙasan allo, ina mayar mata da Hausa. Ta tsani wata gwaggo mai shegen baki a fim ɗin, kullum kuma sai ta yi mitar yadda ake barin budurwa tana yawo a jeji ita kaɗai.

Ana gobe za a kwantar da ita muka iso wurin da yarinyar fim ɗin za ta bar gari. Kowa ya fito sallama, amma mutumin da ke son ta ya maƙale a ɗaki, yana ta tonon garwashin murhu da ƙarfe. Haushi ya kama ni. Na ce shi ke nan, wannan ba shi da imani, a ce ko bakin ƙofa ba zai zo ba?

Inna ba ta ɗauke ido daga talabijin ba. Ta ce, "Ƙyale bawan Allah. In ya fita, ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba."

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani, alhali ko uffan bai ce ba balle in fassara.

Can ta ce, "Ranar da wata ta tafi karatu, ina bakin rijiya ina sake wanke zannuwan da suka riga suka bushe. Har aka kira magariba ina wurin."

Rubutu na ta wucewa a allo, na kasa ganin ko harafi. Inna ta ce, "Ke, an wuce mu fa. Me yarinyar ta ce?"

Na ƙirƙiro wani abu na faɗa mata, ban ma san me na ce ba. Sannan na jawo ƙafafunta masu kumburi na ɗora a cinyata ina matsawa, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ba ta janye ba, a haka muka ƙarasa fim ɗin.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi, Inna ta koma gida da ƙafarta. Ni kuma ranar ta koya min kada in yi gaggawar yanke wa mai shiru hukunci. Shekaru na yi ina fushi da matar da ta ƙi raka ni, ashe so ne ya yi mata nauyi har ta kasa fitowa.