Takalmin Kakana a Ƙofar Lungu

Ranar jajiberin ƙaramar Sallah ce, a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, umda, wato mai unguwarmu, ya tsaya a bakin lungunmu na Hindawiyya a Makka, ya ɗaga kai sama, fuska a murtuke. Ni kuwa ina riƙe da gwangwanin fenti, hannuna ya yi shuɗi kaca-kaca.

Abin da yake kallo ƙofar ado ce da ƙungiyar masu ɗiban ruwa, su kakana, ke kafawa kowace Sallah. Katakon akwatunan shayi suke harhaɗawa ya yi baka a saman lungun, su yi masa geza da ganyen dabino. Mu yara tun da sassafe ake tashinmu, wasu su miƙe tsofaffin ƙusoshi da dutse, wasu su dama fenti, wanda ya zubar kuma ya sha dundu. Kowane zane da ma'anarsa, an sa mun haddace kamar karatun allo. Dagi na ƙasar da muka fito ne, garwa biyu a jikin sanda sana'armu ce, jirgin ruwa kuma na tsallakowa daga Sudan.

A waccan shekarar aka ba kakana tsakiyar ƙofar, girman da ya daɗe yana jira. Bai zana komai ba. Takalminsa na fata ya ɗauko, wanda ya tako da shi daga Kano ta Chadi, ya kafe shi can ƙololuwa. Ashe a wurin Larabawan Hijaz, a sa mutum ya bi ta ƙarƙashin takalmi zagi ne babba. Mai burodin unguwa ma ya rantse ba zai shigo ba.

Umda ya ce, "Ya Hajji, wannan aibu ne. A sauke shi, ko a rushe ƙofar duka."

Kakana mutum ne mai taurin kai, a wurinsa na gado. Ya ce, "Wallahi ya umda, wannan ne ya kawo ni Ɗakin Allah." Samari suka yi ta "Baba, halas, ya isa haka, ka yi haƙuri." Ni dai na san zai iya cewa a rushe ɗin. Sai ga shi ya hau tsani da kansa ya ciro takalmin, ya kafe shi a gindin ginshiƙi. Ya ce, "Dama a ƙasa ya yi aikinsa."

Daga nan ya dafa kafaɗata, ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙasan bango ya ce in zagaye da fenti. Kafin la'asar tsofaffin ƙungiya sun yi layi, kowa na tuɓe takalmi, har da mata. Sawu ya jeru a bangon tun daga bakin lungu har rijiya.

Da safiyar Sallah mai burodi ya shigo da faranti a ka, ya tsaya yana tambayar sawun su waye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da Larabci: wannan daga Katsina, wannan daga Damagaram. Ban taɓa jin kaina ya fasu kamar ranar ba.

Yau dogayen benaye ne a wurin, jikokina kuma ko Hausa sai an lallaɓa suke yi. Idan na ce kakanninsu da ƙafa suka zo Makka, sai su yi dariya su ce na fara. Ina ma an bar mini ko sawu ɗaya in nuna musu.