Ƙullin Maganin da Na Saya wa Kawu Sule

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Sule, yayan mahaifiyata, kuma sai yau zan faɗi wautar da na tafka: ina ɗan shekara goma sha biyu na naɗa kaina likita.

Kawu direban ma'aikata ne. Ya taso daga Legas shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta zuwa Abuja, ya sauka gidanmu a Nyanya da akwati ɗaya da ciwon ƙoda. Ƙafafunsa kan yi zugi har ya riƙa cizon hannun rigarsa. Likita ya ce farasitamol kaɗai zai sha, kada a kuskura a ba shi maganin ciwon jiki na kasuwa. Ni kuwa, sarkin sani, na ce wannan ai maganin jarirai ne.

A tashar Nyanya akwai mai kemis da ke yi wa leburori haɗi, ƙwayoyi biyar kala-kala a ƙullin takarda. Mutum na haɗiyewa sai ya ji zai iya ɗaukar Dutsen Aso a ka. Na sayo wa Kawu. Ranar ya tashi da malmalar tuwo biyu, ya ce, "Oga likita, wannan na ina ne?" Na ce na asibiti ne. Mako uku ina kawo masa.

Sai fitsari ya ɗauke, fuska ta kumbura. A asibiti likita ya dube mu ya ce, "Me kuke ba shi?" Umma ta rantse farasitamol ne kawai. Ni da bakina ba ya hutawa ko a sahun salla, na yi tsit. Kawu ya kalle ni, ya ce, "Likita, ba komai."

Da zai leƙo yau ya ga cunkoson motocin Nyanya, zai ce an kwaso Legas har da masifarta. Ni ma zai ga na yi tsawo, na kuma san cewa irin waɗannan ƙwayoyi ƙarasa ƙodar da ta gaji suke yi. Kwana nawa na rage masa, Allah kaɗai ya sani. Amma direban da ya tsufa a kan titi ba zai kasa gane haɗi ba. Ya gane, ya rufa mini asiri, abin da ya bar mini ke nan.

Umma, a jaridar nan za ki fara ji. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya cika bayan kwana tara a asibiti, ranar Talata da la'asar, kafin a samo masa gurbin wankin ƙoda.