Rabin Karatun da Na Ba Ƙanena

Na haura shekara arba'in ina zaune a zaure ɗaya a Talata Mafara, kuma tambayar da ta fi zo mini ita ce: me zan karanta? Mai yin ta ba littafi yake nufi ba. Addu'a yake so.

Da ita ƙanena ya zo wata damina. Sana'arsa saran marmara ce a gindin wani tudu wajen Janbako, inda ake cin ƙasar ta ƙasa, a bar ta sama tana reto bisa kawunan mutane. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, mi zan karanta in na shiga ramin nan? Kwanan nan raina bai kwanta da shi ba."

Na rubuta masa abin da ya sauwaƙa, na ce ya lazimce shi safe da maraice. A zauren akwai wani dattijo, mahaƙin rijiya daga Faru, wanda ya zo gaishe ni. Ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, rabin karatu ka ba shi."

"Ina sauran, Baba?"

"Shina jikin tudun. In an yi ruwa mai ƙarfi, a ba shi kwana ukku. In ƙasa ta fara zuba kamar gari daga rariya, ko ka ga tsagar da babu ita jiya, yar da diga ka fito. Ni ko alif ban sani ba, amma wanga allo na haddace shi."

Na ji nauyin a yi mini gyara a gaban ƙanena. Na yi murmushi, na karkatar da zancen zuwa yabanya. Ƙanena kuwa fuskata ya karanta, ya bar maganar dattijon a tabarma.

Ba a rufa mako biyu ba tudun ya zaftaro, kashegarin wani ruwa. An tono ƙanena da rai, alhamdu lillahi, sai dai ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, wannan ne ya fi gajiyar da ni.

'Yata da ke aure a wata ƙasa mai sanyi ta taɓa gaya mini a waya cewa a can, inda ƙanƙara ke zaftarowa daga duwatsu ta binne mutane, akwai littattafai sukutum a kan haka, har a jera wa mai niyyar hawa waɗanda zai karanta kafin ya tashi. Na ɗaga kai na dubi nawa littattafan. Babin riƙo da sababi yana cikinsu, na karantar da shi ba adadi. Ranar ce kaɗai na tsallake shi.

Dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Masu saran marmara kuwa har yau suna zuwa da tambayarsu. Nakan rubuta musu, sannan in ce su biya ta ƙofar ƙanena, inda yake zaune yana tufkar igiya, ya ƙarasa musu sauran. Kowa ya ce to. Na tambaye shi ranar Juma'a, ya ce bana mutum biyu suka je.