Wata Shidan Mai Sikeli

Yayata shekara goma sha huɗu ta yi tana awon jarirai a ƙaramin asibitin unguwarmu. Mata ba su damu da sunanta ba, Mai Sikeli suke ce mata. Tebur ɗaya, benci biyu, sikeli rataye a ƙugiya, sai bakinta da ba ya hutawa. In ta hango bulumboti a jakar mai jego, ranar matar ta shiga uku. "Nono zalla, wata shida, ko ruwa ban yarda ba." Tana faɗa tana buga biro a tebur, alhali ita ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Sai da ta haura shekara arba'in ciki ya zo. Ta rame, gefenta na dama yana ciwo, idonta ya yi rawaya. Kowa ya ce laulayi ne. Ni ma na faɗa, har yau ina jin haushin bakina. A wata na bakwai hoto ya nuna ciwon daji ne a hanta. Aka lallaba har aka ciro 'yar da ranta.

Likita ya zaunar da mu, ni da ita da mijinta. Ya ce ƙwayoyin da za ta fara sha suna bi ta cikin nono, dole ta cire yarinyar. Yaya ta ce to. Tun muna yara na san irin wannan "to" ɗin nata.

Na tare a gidan, ni ke haɗa madara. Yarinya ko rabi ba ta sha, sai ƙiba take yi, ni sakarya har murna nake. Kullum da hantsi Yaya takan rufe ƙofa wai za su huta. Rannan ina sauya rigar filo ƙwayoyi suka zubo ƙasa, na wata uku cif, ko ɗaya ba ta haɗiya ba.

"Yaya, kashe kanki za ki yi?"

"Rage murya, tana barci. Saura wata uku."

"Ke fa, saura miki nawa?"

"Mata nawa na sa kuka a kan bencin nan? Da wane ido zan dube su?"

Wallahi ba don tana kwance ba da na mare ta. Matan benci dai! Ko ɗaya a cikinsu ba ta taɓa leƙo ta ba.

Ni da mijinta muka tasa ta gaba sai asibiti. Likita ya daɗe yana kallon sabon hoton. Ya ce ciwon ya bazu, ƙwayoyin ba za su tsayar da shi ba yanzu. Na tambaya da ta sha tun farko fa, ya ce ba wanda ya sani. Yaya ta gyara zama.

"Ke nan zan iya ci gaba da ba ta?"

Ya ce in jikinta zai iya. Jikin bai iya ba. Cikin sati guda nonon ya ƙafe. Yarinya ta ja, ta ja, ta saki ta tsala ihu. Ina kicin sai ga Yaya tana dafa bango, ta tsaya kan gwangwanin madara tana jujjuya shi.

"Ƙanwata, cokali nawa ake zubawa?"

Na nuna mata. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana haɗawa da hannunta, daga nan Allah ya karɓi abinsa, ni na ci gaba.