Rakiyar Iya Gambo Karɓar Lambarta a Jugu

Unguwar Kpébié, Paraku

Kafin kiran asuba kakata Iya Gambo ta buga mini ƙofa da sanda. "Tashi, mijin banza, mota ba ta jiran malalaci."

Bayan samun 'yanci, ita ce mace ta farko da ta zauna a majalisar gari a Jugu, tana musu da maza har rawuna su karkace. Yanzu lameri, wato hukumar garin, za ta ba ta lambar girma, amma Kawu Sanusi, babban ɗanta, ya aiko cewa ta yi zamanta a Paraku. Wai bai dace kumandan, babban jami'in gwamnati na garin, ya maƙala wa Hajiya ƙarfe a ƙirji gaban limamai ba, shi zai karɓar mata. Iya ta ce sai ta je.

Gar zuwa Beteru

Muka sami motar gishiri a tashar da ake kira gar. Direba ya nuna mata baya, ta shige gaba. A Beteru jandarma ya nemi katin shaidarta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ba kai ne jikan Bio mai doya ba? Rijiyar unguwarku ni na tsaya aka haƙa." Ya ɗaga sandar shinge da sauri, katin ma bai karɓa ba.

Jugu

Mun iske an cika filin lameri. Aka kai Iya rumfar mata, can baya kusa da tukwane. Da aka kira sunanta, Kawu ya miƙe yana gyara babbar riga. Iya ma ta dogara sandarta ta miƙe.

Ta ratsa maza a hankali har gaban kumandan.

"Sanusi, ran da aka jefe ni da duwatsu a filin nan kana ina?"

"Ina goye, Iya."

"To koma ka zauna."

Kumandan ya tsaya da allurar lambar a hannu, ya rasa inda zai sa. Ta karɓe, ta soke a mayafinta da kanta, a karkace. Babban limami ne ya fara dariya, sannan mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba.

Komawa

Mun sauka Paraku washegari da la'asar, alhamdu lillahi. Na gode wa direba, da matar Kawu da ta ciyar da mu tuwon doya. Shi Kawu ina masa godiya ta musamman, don ya zauna da aka ce ya zauna.