Hannun Baba na Dama

Baba tela ne a Kontagora, kuma duk unguwarmu an san shi da iya yanka. Mutanen Nasko kan hawo mota da yadinsu su ce shi kaɗai zai sa masa almakashi. Da ciwon suga ya daɗe a jikinsa sai ƙafarsa ta hagu ta fara sanyi. In ya taka zuwa masallaci, sai ya tsaya a hanya yana dafa bango. Aka duba aka ce jijiyar jinin ƙafar ce ta toshe.

Muna da likita a gida, ɗan ƙanwar Baba. A ɗakinmu ya tashi bayan rasuwar uwarsa, kwano ɗaya muke ci, Yaya nake ce masa. Shi ya ce mu kai Baba babban asibitin da yake aiki a birni.

A gabana ya yi bayanin. Ya ce hanyar da aka saba bi ta gindin cinya ba za ta biyu ba, don haka ta jijiyar gwiwar hannu za a zura siririn bututu har a kai inda ya toshe a buɗe.

Baba ya ce, "Hannun fa? Da shi nake ci."

Yaya ya yi dariya. "Haba Kawu, kamar allura ce. Jibi ma ka riƙe almakashi."

Aka yi aikin ta hannun dama. Ƙafa ta yi ɗumi, muka yi ta hamdala. Amma kafin la'asar damtsen Baba ya kumbura ya yi tauri, ya ce yatsunsa uku kamar ba nasa ba. Na kira Yaya a waya, ya ce haka ake yi, zai sace. Sai washegari da wata likita ta zo zagaye ta taɓa hannun, fuskarta ta canza, aka koma da shi ɗakin tiyata da gaggawa. Jini ne ya taru a ciki ya danne jijiyar da ke motsa yatsu.

Ita ce ta gaya mini cewa sanannen haɗari ne. Jijiyar jinin hannu siririya ce, ta motsin yatsu kuma tana kwance a gefenta, shi ya sa ake faɗa wa mara lafiya tun kafin a fara, kuma ba a wasa da kumburi.

Na tare Yaya a baranda. "Ka san haka na iya faruwa?"

Ya kau da kai. "Na sani. Ba kasafai ba ne."

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Kin san Kawu. Da na faɗa, da bai yarda ba, da yanzu an yanke ƙafar."

Wataƙila gaskiyarsa ce. Amma Baba ya tambaye shi baki da baki, shi kuma ya dube shi ya yi dariya.

Muka dawo gida Baba na tafiya da ƙafarsa, babban yatsa da manuni kuwa ba sa haɗuwa. Ya rufe shagon. Bai taɓa faɗin baƙar magana a kan Yaya ba, sai dai ya ce ƙaddara ce, in bar zancen.

Da Sallah Yaya ya zo da doya daga Mashegu. Baba ya tarbe shi, ya tambayi iyali. Ni na kai masa ruwa na ajiye, na koma ɗaki har ya tafi.