Bargon Ƙauyenmu da Yaya Saude Ta Ɗinka

Bana shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Saude, wadda nake bi wa a ɗakinmu. Masu karatu da yawa ba su san ta ba, amma wanda ya taɓa sayen bargon haɗi a kasuwar Madarumfa, wataƙila ya kwana cikin aikin hannunta.

Ƙyallayen da teloli ke zubarwa take bi tana tsinta, har garin Ɗan Issa take aikawa a taro mata. Ta wanke, ta yanka, ta sa tsohon zane a tsakiya, ta bi da allura. Ba ta ɗinka fure ko tauraro. Wuri take ɗinkawa. Shuɗiyar shadda ita ce tafki, koriyar atamfa lambunan bakinsa, ƙyalle mai ruwan ƙasa kuma gonakin gero bayan girbi. Wani masunci ya taɓa ɗora yatsa a kan bargonta ya ce, "Nan nake ɗaure jirgina." Kwana uku tana ba da labarin.

Na ƙarshe da ta gama shi ne na ƙauyenmu, can kusa da iyaka. Gida gida ta bi tana roƙon ƙyalle, ta jera kowane gida a mazauninsa, har rijiya da kukar bakin masallaci. Na ce mata wahala ce kawai. Ta ce, "Balki, ke dai zura mini zare."

Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni, haka muka yi ta faɗa a kan amalanke. Abin da na fito da shi tukunya ɗaya ce da wannan bargo. Yanzu muna raɓe a ɗakin aro a Madarumfa, damina biyu ba mu sa fartanya a ƙasa ba. An ce rufin gidajen ya rubza, geza ta cinye hanya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma mu ba da son ranmu muka bari ba.

Da farko mutanen ƙauyenmu kallo kawai suke zuwa yi. A shimfiɗa a tsakar gida, kowa ya nemi ƙofarsa. Sai ran nan Gwaggo Hurera, maƙwabciyarmu ta da, ta zo. An tafi da ɗanta Sani tun ranar da aka tashe mu, har yau ba labari. Ta durƙusa ta shafa wani jan ƙyalle.

"Rigar sallarsa ce," ta ce. "Ba ni da ko hotonsa. Don Allah, 'yar nan, yanko mini."

Na yanka. Me zan ce mata? Bayanta mata tara suka zo, kowa da wanda ya rasa, kuma ban iya hana ko ɗaya ba. Ni ban koyi ɗinkin ba, ina ganin Yaya na nan kullum. Ramukan da leda da buhu nake toshe su, saboda bargon ne kaɗai abin rufar jikokina in sanyin tafki ya sauko.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Wata rana ina jin za ta yi faɗa, wata rana ina jin da kanta za ta karɓi almakashin. Ban sani ba, kuma rashin sanin yana cina.

Kabarinta yana can inda ba mu iya zuwa. Abin da ya rage nata yana ƙulle a bakin zanen mata goma, sauran kuma yana ƙarewa a hannuna. Allah ya jiƙan Yaya Saude. Mu kuma Allah ya mai da mu gida tun da sauran wanda zai gane ƙofarsa.